Matsar da Sashe Ba Ƙaramin Aiki Ba Ne: Sharhi kan Sake Tsara Ƙa'idar Aika Imel

Duk saƙon imel da ya tashi daga wani ofishi a Yamai, ko Tawa ya nufa ko ƙetare, yana wucewa ne daga na'ura zuwa na'ura bisa wata yarjejeniya guda da ake kira SMTP, wadda ta shimfiɗa yadda mai aikawa zai gabatar da kansa, yadda zai faɗi mai saƙo da wanda za a kai wa, da irin amsar da mai karɓa zai mayar. Rubutun da masu sana'ar suka daɗe suna dogaro da shi a kan wannan yarjejeniya shi ne RFC 5321 (RFC suna ne na jerin takardun fasahar intanet, kowacce da lambarta), mai shafi 95, wanda John Klensin ya rubuta, ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar a watan Oktoba na 2008. A 2020 ƙungiyar ta kafa kwamitin aiki mai suna EMAILCORE domin ya sabunta shi tare da ɗan'uwansa RFC 5322, mai bayanin siffar saƙon kansa, a kai su matakin cikakkiyar ƙa'idar intanet. Da zarar an buɗe daftari irin wannan don gyara, akwai tambayar da ba ta rasa tasowa: tunda dai an taɓa shi, me zai hana a sake masa tsari gaba ɗaya, a tattara abin da ya warwatsu, a jera sassan yadda mai karatu zai bi su ba wahala? Tambayar tana da hujja. Amma a ganina sake tsarin zai ci fiye da abin da zai biya, kuma mu da muke karanta rubutun daga nesa muna cikin waɗanda za su fi jin asarar.

Sai an san yadda rubutun ya taru kafin a gane abin da ya sa yake a hargitse. Asalinsa RFC 821 ne, wanda Jon Postel ya rubuta a watan Agusta na 1982, lokacin da na'urorin da ke haɗe da juna ba su da yawa, masu kula da su kuma kusan duk sun san juna. A 1986 Craig Partridge ya rubuta RFC 974, wanda ya bayyana yadda za a nemo na'urar da ke karɓar imel na wani yanki, wato sunan da ke biye da alamar @ a adireshi, ta bayanan da ake kira MX a DNS, tsarin da ke haɗa sunayen intanet da lambobin na'urori. A 1989 RFC 1123 ya zo da gyare-gyare da ƙarin sharuɗɗa. Daga baya aka ƙirƙiro hanyar faɗaɗa yarjejeniyar ta umarnin EHLO (gaisuwar da na'ura mai aikawa ke gabatar da kanta da ita), wadda ta zauna da gindinta a RFC 1869 na 1995. Mai son rubuta manhajar imel a ƙarshen wancan ƙarni sai ya baje waɗannan takardu huɗu a gabansa yana duba wanne ya soke wanne. RFC 2821 na watan Afrilu 2001 shi ya haɗe su wuri guda, RFC 5321 kuma ya gaje shi bayan shekara bakwai. Haɗewar ta yi amfani ƙwarai, sai dai ba a rushe aka sake gini ba: an riƙe jerin da Postel ya shimfiɗa, wato bayanin tsari, sannan matakai, sannan dalla-dallar umarni da amsoshi, aka riƙa cusa sababbin abubuwa a duk inda suka fi kusa da dacewa.

Abin da hakan ya haifar shi ne mas'ala guda takan rarrabu a wurare uku ko huɗu. A ɗauki umarnin VRFY, wanda na'ura ke tambayar wata da shi ko adireshi kaza yana nan. Sashe na 3.5 na RFC 5321 ya yi bayanin amfaninsa, na 4.1.1.6 ya ba da siffar rubuta shi, na 4.5.1 ya lissafa shi cikin umarnai tara da ya wajaba kowace sabar, wato na'urar da ke karɓa da miƙa imel, ta sani, sai can a sashe na 7.3, cikin maganar tsaro, mai karatu zai tarar cewa an yarda a kashe shi, da sharaɗin sabar ta riƙa mayar da lamba 252, wadda ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Wanda ya tsaya a 4.5.1 zai fita da fahimta ɗaya, wanda ya kai 7.3 ya fita da wata. Ban da haka, an cakuɗa abu iri uku a rubutu ɗaya: dokar abin da ke gudana tsakanin na'ura da na'ura, shawarar yadda ake tafiyar da sabar a aikace, da ragowar tarihi, irin su maganar fassara saƙo tsakanin intanet da wasu tsare-tsaren imel da yawancinsu sun shuɗe.

Wannan nauyi ba daidai yake faɗa wa kowa ba. Rubutun da Turanci yake, kuma na Turancin kaɗai ake kafa hujja da shi. Matashin da ya yi karatunsa da Faransanci a Jami'ar Abdou Moumouni, aka ɗauke shi aiki a wata ma'aikata aka damƙa masa sabar imel, yana karanta shi ne da harshe na uku ko na huɗu, kuma yakan buɗe shi ne a ranar da saƙonnin shugabansa suka fara dawowa, yana neman jumla ɗaya da za ta gaya masa laifin nasa ne ko na ɗaya ɓangaren. Ga irin wannan mai karatu, rubutun da aka jera bisa mas'ala, kowane hukunci a wuri guda, alheri ne babba, saboda haka ban ɗauki masu neman sake tsari a matsayin masu son kwalliya ba.

Sai dai ya kamata a tambaya ko warwatsuwar ce ke haifar da kurakuran da ake gani a manhajoji, kuma misali mafi girma na ƴan shekarun nan bai goyi bayan hakan ba. A watan Disamba na 2023 wani mai binciken tsaro, Timo Longin na kamfanin SEC Consult, ya bayyana wata hanyar fasa-ƙwaurin saƙo a cikin saƙo. Yarjejeniyar ta ce kowane layi yana ƙarewa ne da alamomi biyu a jere, CR da LF, jikin saƙo kuma yana ƙarewa ne idan aka aiko da layi mai ɗigo ɗaya tak. Wasu sabobin suna da sassauci, suna karɓar LF shi kaɗai a matsayin ƙarshen layi, wasu kuma suna barinsa ya wuce ba su taɓa shi ba. Idan sabar da ke aikawa ta ga saƙon bai ƙare ba tukuna, wadda ke karɓa kuma ta ga ya ƙare, to abin da ya biyo baya sai ta karanta shi a matsayin sabon umarni. Ta haka mugu zai cusa saƙo na biyu da sunan wani, ya kuma tsallake SPF, binciken da ke duba ko sabar tana da izinin aikawa da wannan suna, tunda daga sabar da aka amince da ita ya fito. Manhajojin sabar imel na Postfix da Exim da Sendmail duk sai da aka fitar musu da gyara. To, me rubutun ya ce? Sashe na 2.3.8 ya hana ɗaukar wani abu ban da CR da LF a matsayin ƙarshen layi, sashe na 4.1.1.4 kuma ya ambaci jerin LF, ɗigo, LF ƙarara, ya ce kada a ɗauke shi daidai da alamar ƙarshen saƙo. Hukuncin yana wuri biyu, kuma a kowane wuri a fili yake. Masu manhaja sun sassauta ne don kada su ƙi saƙonnin na'urorin da ba sa bin doka har masu amfani da manhajar su yi ƙorafi. Da an tattara jumlolin a sashe ɗaya an yi musu babban take, da wannan dalili bai gushe ba.

Ta ɓangaren asara kuwa, lambobin sassa sun daɗe da zama adireshi. RFC idan ya fito ba a sake taɓa lafazinsa. Gyara sai dai a fitar da sabo da sabuwar lamba. Saboda haka duk wani RFC da ya ce a duba sashe kaza na RFC 5321, kuma suna da yawa, zai ci gaba da faɗin hakan. Haka littattafan koyarwa, haka bayanan da masu rubuta manhaja ke bari a tsakanin layukan aikinsu, haka saƙonnin kuskure da sabobi ke mayarwa. Masu kula da imel da yawa sun taɓa cin karo da amsa mai lamba 550 da ke cewa sunan da na'urarsu ta gabatar a HELO, tsohuwar gaisuwar da EHLO ya gada, bai inganta ba, a duba RFC 2821 sashe na 4.1.1.1. Rubutun da amsar ke nuni da shi an maye gurbinsa tun 2008, amma nunin bai ɓata ba, domin wanda ya buɗe RFC 5321 a wannan lamba zai tarar da maganar EHLO da HELO tana nan inda take. Wannan sa'a ba ta samu ko'ina ba. A RFC 2821 akwai sashe na 3.6 a kan sunayen yanki. Da aka zo RFC 5321 aka kwashe maganar zuwa 2.3.5, gyara mai ma'ana, amma sai duk abin da ke ƙasa ya matso da lamba ɗaya. Miƙa saƙo gaba ya tashi daga 3.7 ya koma 3.6, fassara tsakanin tsare-tsare ta tashi daga 3.8 ta koma 3.7. Mutum biyu za su iya kwana suna musu a kan sashe na 3.7 alhali kowa da abin da yake karantawa. Sashe ɗaya ke nan aka ɗaga. A ƙiyasta abin da zai faru in an ɗaga ashirin. Tun 2019 wani tsarin rubutun kwamfuta mai suna XML ya zama siffar asali ta RFC, kuma yana sabunta nuni na cikin gida da kansa idan an matsar da sashe, abin da ya sauƙaƙa wa edita aiki, amma bai taɓa ko ɗaya daga cikin nunin da ke waje ba.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi. Rubutun ƙa'ida yana rarrabe hukunci zuwa matakai da RFC 2119 na 1997 ya fayyace: abin da ya wajaba, abin da ya kamata a yi sai da uzuri mai ƙarfi, abin da aka bar wa zaɓi, da abin da aka hana. Jumla mai ɗauke da wajibci ba ita kaɗai take tsaye ba. Taken sashen da take ciki da jumlolin da suka gabace ta su ke faɗin a kan wa ta hau, ko sabar da saƙo ke ƙarewa a wurinta, ko mai miƙawa gaba, ko mai aikawa. In aka ɗauke ta aka sa ta ƙarƙashin wani take, kalmominta ba su canza ba amma faɗinta yana iya canzawa. Misali mafi kusa da mu shi ne maganar bincikar sunan da na'ura ta gabatar. Sashe na 4.1.4 ya ce sabar tana iya duba ko sunan da aka ba ta a EHLO ya yi daidai da lambar IP ta mai kiran, wato adireshin na'urarsa a intanet, amma in bai yi daidai ba, an hana ta ƙin saƙon saboda wannan dalili. Sashe na 7.9 kuwa ya tabbatar da cewa sabar tana da ikon ƙin karɓar saƙo bisa duk wani dalilin aiki ko na fasaha da masu ita suka ga ya dace. Waɗannan jumloli biyu sun yi shekara da shekaru suna zaune nesa da juna, kowane ɓangare yana kafa hujja da wadda ta yi masa daɗi: ƙaramar ma'aikata a Tawa da kamfanin da ya ba ta layi bai daidaita mata sunan lambarta a DNS ba za ta nuna ta farko, babban kamfanin da ya ƙi saƙonta ya nuna ta biyu. Ranar da aka ce za a haɗa su a sakin layi ɗaya, dole a rubuta abin da zai haɗa su, kuma wannan mahaɗi shi zai yanke wadda ta rinjayi ƴar'uwarta. Aikin da aka fara da sunan jera sassa ya koma sabon hukunci. Ana iya cewa gara a yanke ɗin, ni ma ina ganin akwai wuraren da ya kamata a yanke. Amma a yi shi a fili, a matsayin mas'ala mai zaman kanta da aka tattauna, kada ya shigo a ɓoye cikin kayan ƙaura.

Sai kuma batun wanda zai duba aikin. Masu sa kai ne ke karanta daftarin IETF, a kan lokacinsu ko na kamfanonin da suke wa aiki, kuma mutanen da suka san imel ciki da bai har za su gane illar sauya jumla ɗaya ba su da yawa. Yadda suke yi shi ne a ajiye tsohon rubutu da sabo gefe da gefe, manhaja ta haska wuraren da suka bambanta. In gyaran jumla talatin ne, za a ga wurare talatin, a bi su ɗaya bayan ɗaya. In aka matsar da shafi goma, manhajar za ta nuna an share shafi goma a nan an ƙara goma a can, kalma ɗaya da ta sauya a hanya kuma ta ɓace a cikin tarin. Ga kuma sharaɗin matakin da ake nema. RFC 6410 na watan Oktoba 2011 ya rage matakan ƙa'ida daga uku zuwa biyu, ya cire na tsakiya, wanda a kansa RFC 5321 yake, ya kuma ce ba a kai rubutu matakin ƙarshe sai an samu aƙalla manhajoji biyu masu zaman kansu da ke aiki da juna bisa shi, an yi amfani da shi sosai an ga nasara, kuma babu wani kuskure a cikinsa da zai sa sabuwar manhaja ta kasa magana da tsofaffi. Hujjar ɗaukaka rubutun ita ce an gwada shi, kuma rubutun da aka yi wa sabon zubi daga farko har ƙarshe, ko da niyyar kada a sauya ma'ana, da wuya a rantse cewa shi ne wanda aka gwada. Abin ban dariya shi ne, shekaru da yawa rubutun da ke riƙe da matsayin cikakkiyar ƙa'ida, mai lamba STD 10, shi ne na Postel na 1982, wanda babu mai gina sabar zamani a kansa shi kaɗai.

Waɗannan dalilai ne, a fahimtata, suka sa takardar da ta kafa EMAILCORE ta ɗaure hannun kwamitin tun daga farko: aikinsa gyaran kurakurai ne da fayyace abin da ya shige duhu, a taƙaice gwargwadon iko, tare da guje wa manyan sauye-sauye a kalmomin fannin ko a tsarin rubutun. A gefe guda aka ɗora masa rubuta wata takardar rakiya da za ta bayyana yadda ake amfani da waɗannan ƙa'idoji a yau. Wanda ya zauna gaban malami a makarantar zaure ya san wannan tsari: ba a sake jera babobin matani don ɗalibi ya ji sauƙi, ko da kowa ya san wata mas'ala ta zo a babin da ba nata ba, ana barin matani yadda aka haddace shi, sharhi ya zo ya ce wannan magana tana haɗe da wadda ke babi kaza. Amfanin rabon shi ne kowanne yana tafiya da saurinsa. Jerin umarnan MAIL da RCPT da DATA, na faɗin mai saƙo da mai karɓa da jikin saƙo, yana nan tun 1982, alhali shawarar tsaro tana tsufa cikin ƴan shekaru.

Wahalar tana wurin ja layi tsakanin su biyun, kuma a nan ne ya kamata mu zuba ido. Mai son rubutun ya rage nauyi zai fara hangen sashe na 4.5.3 da na 4.5.4, domin a ido sun fi kama da shawarar gudanarwa. A nan aka faɗi abin da dole kowace sabar ta iya ɗauka: oktet 64, wato kamar harafi 64, ga ɓangaren adireshi da ke zuwa kafin alamar @, oktet 1000 ga layin rubutu, masu karɓa 100 ga saƙo ɗaya. A nan kuma aka faɗi tsawon jira: minti 5 don gaisuwar farko ta sabar, minti 3 ga kowane kashin bayanai, minti 10 don amsar da ke zuwa bayan an gama aika jikin saƙo. Sashe na 4.5.4.1 ya ce in aikawa ta gaza a jira aƙalla minti 30 a sake gwadawa, a ci gaba har kwana 4 zuwa 5 kafin a haƙura a sanar da mai saƙo. A ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, waɗannan lambobi suna iya zama kamar ragowar zamanin layukan tarho masu jinkiri. A nan kuwa, inda a zafin Afrilu da Mayu wuta kan ɗauke na sa'o'i, injin wuta ya ƙi tashi, ko zaren fiba da ke haɗa mu da teku ta ƙasashen maƙwabta ya yanke, su ne dalilin da ya sa ofishin da sabarsa ta kwana a kashe yake tarar da saƙonninsa sun iso da hantsi maimakon su koma. Minti goman nan ma yana da dalilin da rubutun ya faɗa: in mai aikawa ya gaji ya katse kafin amsa ta zo, alhali mai karɓa ya riga ya ajiye saƙon, za a sake aikawa, mutum ya sami kwafi biyu. Waɗannan lambobi cikin yarjejeniyar suke, domin kowane ɓangare yana gina aikinsa ne a kan cewa ɗayan zai yi wannan haƙuri. In aka kwashe su zuwa takardar shawara, mai rubuta sabuwar manhaja da ya karanta babban rubutu kaɗai zai zaɓi lambobin da suka dace da cibiyar da yake zaune a ciki, masu layi mai rauni kuma su ɗanɗana kuɗarsu.

Akwai kiran da ke kishiyantar wannan, wato a ƙara wa rubutun abin da ba ya ciki. Gaskiya ne wanda ya gina sabar bisa RFC 5321 kaɗai a yau da wuya saƙonsa ya shiga manyan akwatunan imel. Rufa wa hanyar sadarwa asiri da TLS yana RFC 3207 na 2002. Karɓar saƙo daga wayar mutum ko kwamfutarsa ta ƙofa mai lamba 587 yana RFC 6409. Tabbatar da asalin mai aikawa yana SPF da DKIM da DMARC, kowanne da takardarsa. Tun watan Fabrairu na 2024 Gmail yana neman mai aikawa ya kasance da SPF ko DKIM da sunan DNS da ya dace da lambarsa, mai aika saƙo sama da 5000 a rana kuma ya ƙara da DMARC. Hatta haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su da wuri a cikin adireshi bisa babban rubutun, wanda haruffan ASCII, wato na boko irin na Turanci, kaɗai ya sani. RFC 6531 na 2012 ne ya buɗe musu ƙofa, kuma ba kowace sabar ce ta karɓe shi ba. Duk da haka ban ga hikimar narkar da waɗannan a rubutu ɗaya ba. Shekarunsu ba ɗaya ba ne, matakinsu ma ba ɗaya ba ne, har DMARC a RFC 7489 na 2015 a matsayin bayani kawai ya fito, kuma an ƙirƙiro EHLO ne daidai don sabar ta lissafa ƙarin abubuwan da ta iya ba tare da an taɓa tushe ba.

Ba cewa nake kada a taɓa komai ba. Rataye na F a ƙarshen RFC 5321 ya riga ya tara abubuwan da aka daina, kamar umarnin TURN da rubuta hanyar da saƙo zai bi a cikin adireshi, kuma ƙara masa abin da ya mutu ba ya cutar da kowa, muddin an bar lambar sashen da aka kwashe a wurinta da layi ɗaya mai cewa an koma wuri kaza. Lambobin amsa 521 da 556 da RFC 7504 na 2015 ya fayyace, na sabar ko yankin da ba ya karɓar imel sam, wurinsu cikin jerin sashe na 4.2 ne, shigar da su kuma ba ya matsar da komai. Inda aka ga dole a ɗaga sashe, a yi ɗagawar ita kaɗai a zubi ɗaya na daftarin ba tare da sauya ko harafi ba, gyaran lafazi ya biyo a zubi na gaba, sannan a sa jadawali a ƙarshe mai nuna tsohuwar lamba da sabuwa.

Saura buƙatar mai kula da sabar ma'aikata, wadda ba ta gushe ba don an ƙi sake tsari. Abin da zai amfane shi jagora ne da aka jera bisa matsalar da yake gani, saƙo ya dawo da 550, ko ya maƙale a layi da 421 ko 451, ko ya zo sau biyu, a gaban kowace matsala a rubuta sassan da suka shafe ta da taƙaitaccen bayani da Faransanci ko da Hausa. Wannan aiki ba ya jiran izinin IETF. Malaman kwamfuta a jami'o'in Yamai da Tawa za su iya yinsa cikin ƴan shafuka. Amma darajar jagora irin wannan tana rataye ne da lambobin da yake nuni da su. In lambobin suka tsaya, za a rubuta shi sau ɗaya a riƙa yi masa ƙananan gyare-gyare. In aka sake zubin rubutun, manyan kamfanoni masu tarin ma'aikata za su sabunta takardunsu nan da nan, namu kuwa ya ci gaba da yawo a wayoyin ɗalibai yana tura su sashen da maganar ta riga ta tashi daga cikinsa. IETF ba ta da rajistar mambobi, kowa na iya karanta daftari ya aika ra'ayi kyauta, kuma ra'ayin da zai fi tasiri daga wannan yanki shi ne wanda ya zo da shaidar aiki daga kundin sabar kanta: tsawon lokacin da takan yi a kashe, yawan saƙonnin da suka iso a gwaji na biyu ko na goma, da sabobin ƙetare da suka haƙura tun kafin kwana ɗaya ya cika.